Zare, Gashin Tsuntsu da Ƙugiya: Kayan Su a Fadamar Haɗejiya

Kayan su da ake kasawa a kasuwar Haɗejiya yanzu kusan duk daga masana'anta suke fitowa. Zaren fatsa na nailan ne, fari garau kamar ruwan sama, a naɗe a ƙwarƙwaro. Kalli da birgi suna zuwa a saƙe, a ɗaure cikin leda, mai saye ya zaɓi girman idon da yake so ya biya. Ƙugiya a kwali take, ɗari-ɗari, kowace da lambarta. Abin da ke riƙe raga a saman ruwa guntun tsohon silifa ne ko farin soson da ake cusa kayan lantarki a ciki, abin da ke nutsar da ita kuma darma ce. A cikin wannan tarin kaya da wuya a sami abu ɗaya da ya tsiro a bakin kogin da za a jefa shi. Shekaru sittin ko saba'in da suka wuce kuwa, in ban da ƙarfen ƙugiya da bakin mashi, duk abin da masunci ke shiga ruwa da shi daga gona ko daji ko fadama ya samo shi, kuma hannunsa ne ya mayar da shi kayan aiki.

Kogin Haɗejiya yana samuwa ne daga haɗuwar Kogin Kano da na Chalawa. Yana ratsa ƙasar Ringim da Miga da Auyo, ya wuce ta gefen birnin Haɗejiya, sannan ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi inda yake rarrabuwa gida-gida, ya bazu ta wajen Kiri Kasamma da Guri har Nguru. Can gaba ruwansa ya gamu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, mai zuba a Tafkin Chadi. Ruwan ba mai gudu ba ne. Idan damina ta yi nisa, wajen watan Agusta da Satumba, sai ya tumbatsa ya malale fadamu, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a inda 'yan watanni baya shanu ke kiwo. Da kaka ruwan ya fara ja da baya, kifin ya nemi komawa kwarin kogi, abin da ya makara kuma ya maƙale a tafkuna da kududdufai har bazara. Kowane mataki na wannan zuwa da komawa yana da irin kayan da ake tarbarsa da su, kuma tun kafin ruwa ya iso ake shirya su.

Aikin yakan fara ne daga zare. Ana sare rama, a ɗaure ta dami-dami, a danne a ruwa kwana da kwanaki har ɓawon ya ruɓe, ya riƙa wani irin wari da ba ya ɓoyuwa, sannan a saɓule zaren a wanke a shanya. Wanda zai tufka sai ya zauna a inuwa, ya yaye riga daga cinya, ya ɗora sili biyu ya murza da tafin hannu, gaba sannan baya, yana ƙara sabon sili kafin na farko ya ƙare. Cinyar tsofaffin masu tufka ba ta da gashi, ta yi sumul saboda shekarun murza. Zaren da ya fi laushi, na koma da ƙananan raguna, daga auduga ne, wadda mata ke kaɗi da mazari kafin maza su ninka ta su murɗe. Igiyar da za ta ɗauki nauyin taru kuwa akan yi ta da kaba ko ramar da aka riɓanya. Saƙar raga ɗaya takan ci makonni, wani lokaci duk tsawon rani, mutum na ƙulla ido bayan ido yana auna su da ɗan guntun itace don kada wani ya fi wani faɗi.

Zaren tsiro abokin gabarsa ruwa ne, shi kuwa a ruwa zai yi aiki. Saboda haka ake jiƙa raga a ruwan ɓawon itace ko na bagaruwa, irin wadda majema ke jima da ita, don zaren ya yi tauri ya daɗe bai ruɓe ba. Wannan jiƙon ne ke mayar da farin zare ja-ja, kamar ƙasar jan gargari. Karin maganar nan da ake cewa kifi na ganinka mai jar koma tana ɗauke da launin wannan zamanin. Yaron da ya tashi ya tarar da raga fara fat, wadda ko mutum ba ya ganinta a ruwa balle kifi, yana iya faɗin maganar daidai ba tare da ya taɓa tambayar abin da ya sa komar ta zama ja ba. Duk da jiƙon, sai an shanya raga bayan kowane su, an duba ta, an ɗinke inda ta yage. Wanda ya yi ganganci ya bar tasa a jiƙe cikin jirgi kwana uku, ya san abin da zai tarar.

Fatsa ita ce mafi ƙanƙanta a kayan su, kuma a kanta yaro ke koyon sana'ar. Sanda ce doguwa mara nauyi, da zare, da ƙugiya, da ɗan guntun karan dawa da ake ɗaurawa a tsakiya don ya nuna lokacin da kifi ya taɓa. Maƙera ne ke ƙera ƙugiya, yara kuma sukan lanƙwasa allura ko guntun waya su yi tasu. Tsohuwar ƙugiya sau da yawa ba ta da kafar zura zare, sai dai ɗan faɗi a gindi, don haka ɗaurinta gwaninta ce: a kwantar da zaren a jikin ƙarfen, a naɗa shi zagaye bayan zagaye a matse, a cusa bakin ta ƙarƙashi a ja, wani ya goga kakin zuma ko danƙo don kada ya zame. Ɗaurin da bai yi kyau ba ba ya nuna kansa sai ranar da babban kifi ya kama.

Amma ainihin ilimin fatsa yana wajen koto. Tarwaɗa ba ta da zaɓe, tana cin tana da hanjin kaza da ɗan kwaɗo, har da guntun sabulu. Karfasa ta fi son dusa da tuwo da tana ƙanana. Tsage, mai haƙora kamar zarto, sai ɗan kifi mai rai, kuma yakan datse zare ya tafi da ƙugiya. Kawara tana yawo a saman ruwa tana cafkar duk ƙwaron da ya faɗo, shi ya sa ake sa mata fara ko gara. Daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, shinge ya fito ya cika sararin sama, washegari bakin ruwa yakan yi ta ɓulɓula da kifin da ke tsintar waɗanda suka faɗa, kuma duk yaron da ya tara shinge a gwangwani ya san ranar tasa ce. Masunci na ƙwarai yana sanin abin da kifi ke ci a wannan makon, a wannan lungun, a wannan zurfin, sai ya ba shi abin a bakin ƙugiya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, fatsa kuwa gaba ɗayanta a kan kwaɗayin kifi aka gina ta.

A wasu ƙasashe wannan ilimin ya bi wata hanya dabam. Maimakon a soka ƙwaro na gaske a ƙugiya, sai a ƙera kamarsa da zare da gashin tsuntsu. Dabarar tsohuwa ce. Wani marubucin Rum mai suna Aelian, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da labarin masuntan Makedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu, kifi ya ɗauka ƙuda ne. A Ingila an buga wani ɗan littafin su a 1496 mai ɗauke da bayanin irin waɗannan ƙudaje goma sha biyu, an raba su bisa watannin shekara. Inda sana'ar ta fi tacewa shi ne arewacin Ingila da kudancin Sikotilan, a koguna masu sanyi da duwatsu irin su Wharfe da Ure, inda ake neman wani kifi mai ɗigo-ɗigo da ake kira tirawut. W. C. Stewart ya rubuta a kanta a 1857, T. E. Pritt kuma ya tattara ƙirar mutanen Yokshaya, a arewacin Ingila, a 1885.

Ƙudan da suke ɗaurawa ba shi da tarkace. Ƙugiya ce ƙarama, ba ta kai tsawon farce ba. Ana goga wa zaren siliki kaki, a naɗa shi a jikin ƙarfen siriri, sau ɗaya zuwa baya sau ɗaya zuwa gaba, shi ke nan an sami jikin ƙwaro. Wani lokaci akan yayyafa wa zaren ɗan gashin zomo ko na wata dabbar rami, kaɗan ƙwarai yadda launin silikin zai riƙa lekowa. Daga nan a ɗauko gashi ɗaya mai laushi daga wuya ko bayan makwarwar ƙasarsu, ko daga fiffiken kazar ruwa, a ɗaure bakinsa kusa da kan ƙugiya, a zagaya da shi sau ɗaya ko biyu, silin gashin su baje kamar haƙarƙarin laima, a ƙulle a yanke. Mafi shahara a cikinsu shi ne mai siliki ruwan lemo da gashin makwarwa. Gwanaye sun yi ittifaƙi cewa kuskuren ɗan koyo shi ne cika gashi. Sirrin yana cikin laushin: idan ƙudan ya nutse kaɗan, ruwa na tafiya da shi, silin gashin suna buɗewa suna rufewa kamar ƙafafun ƙwaron da ke ƙoƙarin fita ko wanda ya nutse. Akan jera uku a zare ɗaya, a jefa sama da inda kifi yake, a bar ruwa ya kawo masa.

Tsuntsayen da za su ba da irin wannan gashi ba su yi wa fadamar Haɗejiya ƙaranci ba. Akwai fakara da zabon daji, akwai kirinjijiya da ɗinya, ga kuma dubban tsuntsayen da ke tsere wa sanyin Turai su sauka a dausayin Baturiya da Dagona kowace shekara. Siliki ma akwai na gida, wato tsamiya, wadda ake yi wa manyan riguna aiki da ita. Abin da ya bambanta shi ne ruwan da kifin. Tirawut da ido yake farauta, a ruwan da ake hango tsakuwar ƙasansa. Ruwan Haɗejiya kuwa da damina kamar kunu yake saboda laka, kuma manyan kifayensa, tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa, da gashin baki da hanci suke neman abinci, galibi da dare. Ƙudan gashi ba shi da ƙamshi, ba abin da zai gaya musu. Akwai kuma bambancin buƙata. Mai jefa ƙuda a Yokshaya yana iya yini ya kama uku ya koma gida da murna. Magidancin da ke ciyar da mutum goma sha biyar da su, ya kuma sayi gero da abin da ya rage, ba zai tsaya yaudarar kifi ɗaya-ɗaya ba. Don haka basirar masuntan nan ta tafi wajen gura da sankiya da ake saƙawa da tsumagun geza, da shingen zana da ake tare bakin fadama da shi lokacin da ruwa ke komawa, da mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a igiya ɗaya. Duk da haka sana'o'in biyu jinsi ɗaya ne: mutum ya karanci ruwansa, ya ɗebi abin da ƙasarsa ta ba shi, ya ɗaure da hannu.

Abu ɗaya ne kuma ya sauya su duka. A 1935 aka ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka, kafin 1940 an fara sayar da shi a matsayin zaren fatsa, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya mamaye duniya. A Turai ya kori gashin wutsiyar doki da zaren da ake ja daga cikin tsutsar siliki, waɗanda da su ake haɗa ƙuda da sanda. A Arewacin Nijeriya ya kori rama da auduga daga ragar masunci cikin abin da bai wuce tsara ɗaya ba.

Ba wanda ya tilasta wa kowa. Masunta da kansu suka zaɓa, kuma suna da hujja. Ragar nailan ba ta ruɓewa, ba ta shan ruwa ta yi nauyin da sai mutum biyu sun ja, ba ta neman jiƙo ko shanya kullum, kifi kuma ba ya ganinta. Watannin da ake kashewa a tufka da saƙa sun koma noman rani ko wani neman. Saurayin da ba ɗan gidan masunta ba ne, wanda a da ba shi da mai koya masa saƙa, yanzu yana iya sayen kalli ya shiga ruwa, kuma a shekarun fari na 1973 da 1984, lokacin da gonakin tudu suka ƙi, irin wannan ƙofar ta rufa wa gidaje da yawa asiri. Bandar kifi da ake lodawa a kwalaye daga Haɗejiya zuwa Kano da kasuwannin Kudu ba za ta kai yawan da ta kai ba da ragar auduga.

Asarar ta fi wuyar gani, domin ba a kasuwa take bayyana ba. Raunin tsohon zare wani irin linzami ne. Ragar da ke cin wata biyu kafin a gama ta ba a yin ta da yawa, kuma ba mai ɓata lokacinsa yana ƙulla ido ƙanana da za su riɓanya masa aiki, don haka ƙananan kifi na wucewa su girma. Idan ta ɓace a ruwa, kafin wata daminar ta zama taki. Ta nailan kuwa ana iya shimfiɗa ta tsawon da ido ba ya kaiwa, da idon da ɗan yatsa ba ya shiga, in ta maƙale a saiwa aka bar ta, sai ta ci gaba da kashe kifi da kunkuru da tsuntsu ba mai ɗiba. Gurar Mali, wadda baƙin masunta suka shigo da ita yankin Tafkin Chadi, ƙashinta itace ne amma rigarta nailan, idan aka jera ta ɗaruruwa aka yi dumba a bakin mashiga, kusan ba abin da ke tsira. Ƙarshen lamarin shi ne gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ya koma abin tace 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba.

Sai dai kuskure ne a ɗauka mutanen da duk masu tausayin ruwa ne. Su ma suna daka magimfa su zuba a kududdufi, kifi ya bugu ya taso, babba da yaro. Bambancinta da maganin ƙwari Gamalin da wasu suka koma zubawa daga baya shi ne ƙarfinta ba ya nisa kuma ba ya daɗewa. Abin da ya riƙe su ba kyawun hali kaɗai ba ne, har da ƙarancin iko da kuma tsoron hukuma. Sarkin Ruwa da masu gari ne ke rufe tafki su buɗe, kuma kafin ranar buɗewa ba mai jefa ko fatsa. Ranar kuwa gari guda ake shiga, kowa da komarsa biyu da gorarsa, irin abin da bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, da na Bade suka mayar abin kallo. Wannan ikon ya raunana a wurare da yawa. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, amma takarda ba ta kwana a bakin tafki yadda Sarkin Ruwa ke kwana.

Ba kuma daidai ba ne a ɗora wa zare laifin da ba nasa ba. Kogin kansa ya sauya. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992, aka kuma yi shingen ruwa kusa da Auyo don noman rani. Kano ta sami ruwan sha, Kadawa da Kura da Auyo suka sami shinkafa da alkama da tumatir, amma ambaliyar da kifi ke haihuwa a cikinta ta ragu, ruwan da ke zuwa da ƙarfi ya tafi ya koma mai tsiyaya duk shekara. Wannan ne ya yi wa kacala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren jefa birgi, ta juya ruwa zuwa inda ba a so, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna ƙishi, ta kuma zama mafakar jan baki masu cinye gero da shinkafa. An sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008, amma tsofaffin masunta suna auna lafiyar ruwa ne da girman giwan ruwa da yauni da ke shiga raga, kuma a bakinsu waɗannan sun zama labari fiye da kamu. Tarwaɗar da ke cika kasuwa yanzu, mai yawa daga cikinta a tafkin siminti ta girma, tana cin abincin buhu.

A Yokshaya ƙudan siliki da gashin makwarwa bai mutu ba, har ya bazu a Amurka bayan Sylvester Nemes ya wallafa littafi a kansa a 1975. Ya rayu ne saboda an rubuta ƙirarsa, kuma masu yin sa nishaɗi suke nema, suna da sararin riƙe abu don daɗinsa. Ko a Ingila ma doka ta hana gashin wasu tsuntsayen da tsofaffin littattafai suka ambata, saboda sun kusa ƙarewa. Tufkar rama da jiƙon bagaruwa ba su sami wannan gatan ba, domin a hannu da baki suke, kuma masu su abinci suke nema.

Abin da ya tsira a Haɗejiya shi ne wanda masana'anta ba ta kawo abin da ya fi shi ba. Har yanzu ana noma ƙatuwar gora, a fafe ta, masunci ya kwanta a kanta da ciki yana tuƙi da hannu da ƙafa, yana jefa abin da ya kama ta bakinta, ko da yake jarka ta fara ƙwace mata wuri. Ana sare tsumagu a lanƙwasa su a yi ƙashin gura. Da bazara ana bin busasshiyar laka ana haƙo gaiwa daga ramin da ta rufe kanta tana jiran damina. Ɗinkin raga ma bai tafi ba, don nailan na yagewa kamar kowane zare, kuma ƙullin da ake gyara shi da shi shi ne wanda ake yi wa auduga. Yara kuma, da ruwan farko, suna tara shinge a robar lemo, su yanki guntun silifa a madadin karan dawa, su naɗa farin zare a gindin ƙugiya zagaye bakwai ko takwas, su cusa bakin ta ƙarƙashi, su ja da haƙori.